Ɗarin bana: Abin da sararin sama ke faɗa wa ɗan kasuwa da ma'aikaci

Duk wanda ya fita sallar Asuba a 'yan kwanakin nan a Kano ko Katsina ko Zariya, ba ya buƙatar a ba shi labarin cewa ɗari ya kankama. Ruwan buta ya zama abin shakka, masu shayi sun samu kasuwa, 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai sun baje rigunan sanyi da huluna da safa, farashi kuma ya ɗaga kamar yadda ya saba yi duk shekara. A ma'aikatun gwamnati kuwa, sai ƙarfe tara ta gota kujeru ba su cika ba, kowa da uzurinsa: wani yara ne suka ƙi wanka da wuri, wani babur ne ya ƙi tashi.

Wannan duk mun saba da shi. Abin da har yanzu ba mu saba da shi ba shi ne ɗaukar sanyin a matsayin abin da ake iya hangowa tun bai iso ba. Yawancinmu kallon hunturu muke yi kamar baƙon da ba ya sallama, alhali kuwa yakan aiko da manzanni kwana biyu ko uku kafin ya sauka. Wasu manzannin suna cikin sanarwar da Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ke fitarwa a kai a kai. Wasu kuma suna bisa kanmu, ga duk mai iya ɗaga kai ya dubi sama. Rashin sauraron su yana cin dukiya, wani lokaci har da rayuka.

Daga inda iskar ke tasowa

Iska iri biyu ce ke karɓa-karɓa a sararin Najeriya. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi, ita ce uwar damina. Ɗayar tana gangarowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, a bushe ƙamas, ita ce ta hunturu. Akwai layin da suke haɗuwa, wanda ke tafiya arewa da kudu gwargwadon juyawar shekara. A watan Agusta yakan haura har cikin ƙasar Nijar, can arewa da Agadas. A Disamba da Janairu kuma yakan koma kusa da gaɓar teku, ya bar ɗaukacin Arewa a hannun iskar hamada.

Amma ita ma iskar hamadar ba kullum take da ƙarfi ɗaya ba, shi ya sa hunturu ke zuwa kashi-kashi: mako guda a ji sauƙi, mako na gaba a rasa inda za a sa kai. Idan iska mai sanyi ta ƙetaro daga Turai da Bahar Rum ta shiga Libiya da Aljeriya, matsin iska yakan ƙaru a saman hamada, sai ya tunkuɗo ta kudu da ƙarfi. A arewacin Chadi takan kutsa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwan da aka matse a bakin tiyo, ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya-Largeau. Wannan kwari tsohon gindin Tafkin Chadi ne, tun zamanin da tafkin ke da girman gaske shekaru dubbai da suka wuce. Ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka bushe. Masana sun ɗauke shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, inda guguwar ƙura ke tashi kusan kwana 100 a shekara, har wani kaso nata kan tsallaka teku ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Muhimmin abu a nan shi ne lokaci. Ƙurar da ta tashi a Bodele yau, takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe Maiduguri da Nguru da Kano, sannan ta zarce kudu. Taurarin ɗan Adam suna ganin tashinta tun daga tushe. Ke nan farin garin da mai shago ke kaɗewa daga kan atamfofinsa a Kantin Kwari ranar Laraba, tun Litinin akwai waɗanda suka san yana hanya.

Gajimare bargo ne

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa idan sama ta lulluɓe to sanyi zai tsananta. Da rana haka ne, domin an tare hasken rana. Da dare kuwa akasin haka ne, kuma a nan ne asirin ɗarin Arewa yake.

Ƙasa takan sha zafin rana tun safe, da dare kuma ta sake shi ya koma sama. Idan akwai gajimare ko danshi a iska, sukan tare wani ɓangare na zafin su maido shi ƙasa, tamkar bargo. A hunturu bargon nan ne babu. Danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana, sama kuma fayau. Saboda haka da zarar rana ta faɗi zafin kan tsere ba abin da zai tare shi, ya yi ta raguwa har zuwa fitowar alfijir, lokacin da sanyi ke kai maƙura. Wannan ne ya sa a Janairu ma'aunin zafi a Kano kan kai kusan digiri 30 da rana, amma ya sauko wajen digiri 13 kafin Asuba, idan ɗari ya yi tsanani ma ya gaza 10. Ba banza ba Bahaushe ya ware wa wannan busasshen sanyi suna nasa, ya kira shi ɗari, ya bambanta shi da sanyin damina mai laima.

Tudu ma na da nasa rabon. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Jos tana bisa tsayin kusan mita 1,200, tsaunin Mambila ya ɗara haka, don haka ɗan kasuwar da zai je sarin dankali ko kabeji a Filato ya san rigar da ta ishe shi a Kano ba za ta ishe shi a can ba.

Abin lura ga mai karatu shi ne: daren da iska ta kwanta, ƙura ta yi sauƙi, taurari suka fito tar, shi ne daren da za a ƙara wa yara da tsofaffi mayafi, a kuma duba 'yan tsaki a keji.

Sunayen gajimare da abin da kowanne ke nufi

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Muna da gajimare, muna da girgije, muna da hadari, kuma manomi ya san bambancinsu ba tare da ya shiga aji ba. Sai dai rabe-raben da masana yanayi ke aiki da shi a duniya ya samo asali ne daga wani mai haɗa magunguna a Landan, Luke Howard, wanda ya gabatar da shi a ƙarshen 1802 aka buga a 1803. Da kalmomin Latin ya yi amfani: siras, ma'ana silin gashi, kumulas, tsibi, sitiratas, shimfiɗa, nimbas, mai ruwa. Daga waɗannan ne Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsayar da manyan jinsuna 10, aka kasa su bisa tsayi. A ƙasashe masu zafi irin tamu, na can ƙoli suna tsakanin kilomita 6 zuwa 18, na tsakiya kilomita 2 zuwa 8, na ƙasa kuma ba su wuce kilomita 2 ba.

A wannan lokaci na shekara, wanda mutumin Arewa zai fi gani shi ne na ƙoli. Siras siriri ne fari, kamar an ja auduga an yi mata zare-zare, ko gashin jelar doki. Ba ruwa ne a jikinsa ba, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne, saboda tsananin sanyin da ke can sama. Ba ya kawo ruwa. Yana da ɗan'uwa da ke shimfiɗuwa kamar farin mayafi marar kauri ya rufe sama duka, shi ne ke sa a ga zobe ya kewaye wata ko rana, wanda mutane kan yi ta fassara iri-iri a kai. Ba komai ba ne illa haske da ya ratsa ƙwayoyin ƙanƙarar ya karkace. Idan irin wannan mayafi ya yi kauri, ko aka ga na tsakiya masu kama da garken tumaki sun jeru, daren kan zo da ɗan sauƙin sanyi.

Waɗannan gizagizai na sama sukan taso ne daga teku, wata iska mai gudu a can ƙoli ta ja su zuwa arewa maso gabas, wato kishiyar inda iskar ƙasa ke tafiya. Galibi wucewa kawai suke yi. Amma jefi-jefi sukan yi kauri har su zubar da ruwa a tsakiyar rani. Mutanen Senegal sun san wannan ruwa, har suna da sunan da suke kiran sa. A Janairun 2002 ya sauka da ƙarfi tare da matsanancin sanyi a arewacin ƙasar da kudancin Muritaniya, ya hallaka dubban dabbobi, ya lalata amfanin gona da aka tara a fili, mutane ma suka rasa rayukansu. A wajenmu abin bai cika kai haka ba, sai dai yayyafi guda a kan buhunan da aka jibge a sarari a Dawanau, ko albasar da aka shanya, ya isa ya jawo asara. Mai kaya a fili da ya ga sama ta yi toka-toka kwana biyu a jere cikin Janairu, bai yi wauta ba idan ya nemi tamfol.

Kumulas kuwa, mai kama da tsibin auduga, gindinsa a baje kansa a tattare, yana buƙatar danshi da zafi, don haka ba a cika ganin sa a hunturu ba. Shi ne idan ya samu abin da yake so yake girma ya yi toroƙo ya zama kumulonimbas, hadarin nan da ke haɗowa daga gabas da tsawa da walƙiya. Sitiratas, mai shimfiɗuwa ƙasa-ƙasa, ya fi yawa da safiyar damina da kuma a Kudu.

Hazo ba gajimare ba ne

A nan ne harshe ke ɗan yi mana ƙafar ungulu. Kalma ɗaya, hazo, muke amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai hazon ƙura, busasshe, wanda ke mayar da rana kamar farin faranti har a iya kallon ta da ido, ya wuni ko ya yi kwanaki bai tafi ba. Akwai kuma hazon raɓa, wanda tururin ruwa ne da ya daskare kusa da ƙasa, yakan sauka da asuba a kwaruruka da bakin koguna irin su Lokoja da Makurɗi da kuma jihohin Kudu, ya watse da zarar rana ta ɗaga. Direban da zai ɗauki shanu ko tumatir daga Arewa zuwa Legas yana iya cin karo da duka biyun a tafiya guda. Na biyun ana iya jira ya wuce cikin sa'o'i kaɗan. Na farkon sai dai a rage gudu a kunna fitila.

Sanarwar NiMet takan auna kaurin hazo da nisan da ido ke iya gani. Idan ta ce kilomita 2 zuwa 5, hazo ne matsakaici. Idan ta ce mita 1,000 ko ƙasa da haka, to ya yi kauri, kuma a nan ne harkar jiragen sama ke fara tangarɗa. A Fabrairun 2020 an yi kwanaki ana karkatar da jiragen ƙasashen waje da suka nufo Legas zuwa Accra ta Ghana, saboda hazo ya haɗu da matsalar na'urorin saukar jirgi, fasinjoji suka yi ta gararamba. Dattawan Kano kuma ba su manta da ranar 22 ga Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda, aka karkato shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Na'urori sun ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma har gobe ma'aikacin da ke da taro a Abuja ƙarfe goma na safe, ya kuma sayi tikitin jirgin safiyar ranar a makon da aka yi gargaɗin hazo mai kauri, ya san caca ya yi.

Inda abin ya fi ciwo

Ga ɗan kasuwa, babbar barazanar wannan lokaci ba sanyin ba ce, wuta ce. Iska ta busar da komai, katako da kwali da yadi da leda sun zama makamashi, ga kuma iskar da za ta hura. A daidai lokacin ne masu gadi ke kunna wuta don jin ɗumi, ake kuma jona hita a wayoyin da dama sun gaji. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, dubban shaguna suka salwanta. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris na shekarar. Kowace gobara da musabbabinta, kuma ba hunturu ne ke ƙyasta ashana ba. Amma shi ne ke mayar da ƙaramar wuta gagaruma cikin mintuna. Abin mamaki, da wuya a ji shugabannin wata kasuwa sun ce tunda an yi hasashen iska mai ƙarfi a wannan mako, za a ƙara masu sintirin dare, a kashe babban layin lantarki bayan an tashi, a tabbatar akwai ruwa a tanki kuma hanyar motar kashe gobara a buɗe take. Sai bayan ta auku a kafa kwamiti.

A gidaje kuma akwai kaskon garwashi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ba ta tayar da mai barci, sai dai ta ƙara nutsar da shi. Kusan duk hunturu sai an samu labarin iyalin da aka wayi gari ba su farka ba. Daren da ya fi sanyi shi ne daren da aka fi shigar da kasko ɗaki a toshe taga, kuma shi ne daren da ake iya sanin zuwansa tun da wuri a yi gargaɗi a rediyo da masallatai.

Ƙurar ita ma ba ƙyalle take ba. Mafi laushinta kan wuce hanci ta shige can cikin huhu, ta tayar wa masu asma da tsofaffi ciwo, sanyin kuma ya tayar wa masu amosanin jini nasu. Busasshiyar iska tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da likitoci ke dangantawa da yaɗuwar sanƙarau, wanda kan tsananta daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Arewacin Najeriya na cikin zirin da cutar ta fi addaba, daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000.

Ba a ce ɗari sharri ne zalla ba. Manomin alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja addu'a yake ya daɗe, domin alkama ba ta yin ƙwaya mai kyau sai da sanyin dare. Tumatir ma a wannan lokaci yake yin araha a Kwanar Gafan da 'Yankaba. Idan sanyi ya ɗauke da wuri, mai gidan burodi da uwargida duk za su ji a jikinsu bayan 'yan watanni. Wannan ma dalili ne da ya sa ɗan kasuwa ya kamata ya riƙa bibiyar yanayi kamar yadda yake bibiyar farashin Dala.

Saƙon yana tsayawa a hanya

Matsalar ba rashin bayani ba ce. An kafa NiMet da dokar 2003, tana fitar da hasashen kwana uku-uku, tana kuma fitar da na shekara, wanda a 'yan shekarun nan ake fassara shi zuwa Hausa da wasu harsuna. A Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET masu yi wa yankin aiki, a Barcelona ta Sifaniya kuma akwai cibiyar da ke hasashen tafiyar ƙura a Arewacin Afirka kullum. A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam ya kasance yana samun gargaɗin bala'in yanayi da wuri.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ofishin masana da rumfar kasuwa. Hasashen yau da kullum ya fi fitowa da Turanci, a shafukan intanet, da kalmomin da aka tsara domin matuƙa jirgi. Mu ma 'yan jarida muna da namu laifin. A iya shekarun da na yi a teburin tace labarai, na sha ganin yadda muke tura irin wannan sanarwa can ƙasan shafi, mu fassara ta kalma da kalma ba tare da mun faɗa wa mai karatu abin da zai yi da ita ba. Cewa ganin ido zai ragu zuwa mita 1,000 ba ya nufin komai ga direban tasha. Amma idan aka ce masa daga daren Talata zuwa Alhamis hanyar Maiduguri za ta rufe da ƙura, kada ya yi lodin dare, ya fahimta.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari da hasashe saboda suna ganin kamar shiga gaibu ne. Wannan damuwa ce da ta cancanci amsa cikin mutunci. Matar da ta ga hadari ya haɗu a gabas ta kwashe shanyarta, ba duba ta yi ba, alama ta gani. Na'ura ba ta wuce ido mai hangen nesa ba, kuma takan yi kuskure, musamman idan aka wuce kwana uku zuwa biyar. Hukuncin ƙarshe na Allah ne. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, waɗanda dama suna da zaurukan WhatsApp da suke sanar da farashi da ta'aziyya, su nemi a riƙa aiko musu da hasashen cikin gajeren saƙon murya na Hausa kowace yamma. Ma'aikatun ilimi ma suna iya amfani da shi wajen ɗaga lokacin shiga aji a makon da ɗari ya tsananta, maimakon a bar yara suna karkarwa a layin taron safe.

Dangane da makonnin da ke tafe, abin da aka saba gani shi ne ɗari ya ci gaba da zuwa yana lafawa har cikin Fabrairu, kowane zuwa da iska da ƙura a gabansa, sannan darare masu tsananin sanyi su biyo baya idan sama ta washe. Daga tsakiyar Fabrairu rana za ta fara cizo, dare ya fara sassauci. Wannan ba ya nufin ƙura ta yi sallama, domin a Maris na 2010 ta dawo da kaurin da ya rufe ƙasar har zuwa Legas, aka dakatar da jirage, bayan mutane sun riga sun naɗe barguna. Kuma kamar yadda gobarar Sabon Gari da ta Katsina suka nuna, Maris yana cikin watanni mafiya hatsari ga kasuwa, domin a lokacin bushewa ta kai ƙarshe. Sai a Afrilu ne mutumin Kano zai fara ganin ƙananan tsibin auduga suna tasowa ta kudu da la'asar, alamar cewa iskar teku ta kamo hanya.